Kuɗin karatu a manyan jami'o'in Amurka: yadda tallafi yake aiki

A Harvard ko Yale, kuɗin shekara ɗaya, har da ɗakin kwana da abinci, ya haura dala 80,000. Amma ba kowa ke biyan haka ba. Daga shekarar karatu ta 2025, Harvard ta yafe kuɗin koyarwa ga iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 200,000 ba. In bai wuce 100,000 ba, har masauki da abinci kyauta ne. Sai dai ana duba kadarori ma, ba albashi kaɗai ba.

Jami'o'in Ivy League, wato rukunin manyan jami'o'i takwas da Harvard da Yale ke ciki, ba sa ba da tallafi don ƙwazo ko wasanni. Buƙata kawai suke aunawa. Ɗan Amurka yana cike FAFSA, takardar neman tallafin gwamnati. Shi da ɗalibin waje kuma yawanci suna cike CSS Profile, takardar neman tallafin jami'a, wadda ke tambayar albashin iyaye, ajiyar banki, gida da sana'a. Idan iyaye sun rabu, galibi sai kowannensu ya cike nasa, kuma nan takardu suka fi maƙalewa.

Abin da ya fi kada ɗaliban waje shi ne lokaci. Jami'o'i kaɗan ne, irin su MIT, Princeton da Amherst, ba sa duba aljihunka kafin su ɗauke ka. A sauran, neman tallafi na iya rage damarka, shi ya sa wasu ke ɓoye buƙatarsu. A ganina wannan ganganci ne, domin da yawa ba sa sauraron wanda bai nema tun ranar cike takardar shiga ba.