Abin da aiki a gidan karnuka ya koya min

Shekara biyu kenan ina aiki a gidan ajiye karnuka na wata ƙaramar hukuma a jihar Ohayo ta Amurka. Ranar da na faɗa wa Umma a waya shiru ta yi, can sai ta ce to Allah ya sa albarka, ai mutumin da ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare ma an gafarta masa. Wallahi wannan maganar ce ta riƙe ni a watannin farko da wari da haushi suka kusa korata.

Na ɗauka aikin wanke keji ne da zuba abinci, ashe rabinsa a kan waya yake, neman masu kare. Duk karen da aka tsinto sai mun bi bayan wuyansa da na'ura ko akwai cif, wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke sawa a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Mutane da yawa sun ɗauka yana nuna inda kare yake, a'a, lamba ce kawai a ciki, sai ka kira kamfanin da aka yi rajista su ba ka mai shi, to in mutum ya canza layi ko ya tashi daga gidan bai sabunta ba shikenan kana riƙe da lamba ba mutum. Wannan abin yana ci min rai sosai don gyaran minti biyar ne.

Kuma lokaci ba ya jira. A dokar Ohayo karen da ba shi da lasisi, wato rajistar da mai kare ke yi a wurin hukuma, kwana 3 ake jiran mai shi, mai lasisi kuwa kwana 14, bayan nan ana iya ba wani. Shi ya sa daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Janairu, lokacin sabunta lasisin, har maƙwabta nake tunawa. Makon 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, kam ba a magana, ƙarar wasan wuta ke firgita karnuka su tsallake shinge, washegari keji a cike.

Masu zuwa ɗauka su riƙe kuma, na daina yanke musu hukunci da tufafi ko mota. Tambaya nake yi, mai gidan hayarka ya yarda? Wa zai fita da shi in kana aiki? Sai an yi masa allurar ciwon hauka an yi fiɗiya zai bar hannunmu. Kowa kwikwiyo yake so, tsofaffin su ke daɗewa.

A watan jiya aka kawo wata tsohuwar karya, layin da ke rajistar a kashe, na bi ta asibitin da ya sa cif ɗin suka laluɓo lambar 'yar mai ita. Da yamma dattijuwar ta iso da sanda, karyar da ta ƙi cin abinci kwana biyu tana jin muryarta daga bakin ƙofa ta miƙe tsaye.