Ɗumama akwatin mesa a hunturun Maraɗi

Mutane kan yi mamaki idan na ce ina ɗumama wa maciji akwati a Maraɗi. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, maciji kuma jikinsa ba ya samar da ɗumi, daga waje yake samu. Wadda nake kiwo ƙaramar mesar nan ce marar dafi, mai dunƙulewa kamar ƙwallo, da ake samu a Gana, Togo da Benin. A daji rami take shiga, inda zafi ba ya hawa da sauka sosai. Idan sanyi ya kama ta bayan ta haɗiye ɓera, ba ya narkewa, sai ta amayo shi. In abin ya daɗe, za ka ji numfashinta yana ƙara, ka ga kumfa a baki.

Akwatina santimita 120 ne tsawo, faɗi 60. Gefe ɗaya kaɗai nake ɗumamawa, digiri 31 zuwa 33, ɗayan ya tsaya 25 zuwa 27, da maɓoya a kowane gefe, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Da dare kada ya gaza 23.

Abin da za ka fara saye shi ne na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta idan an kai digirin da ka sa. Tabarmar ɗumi ta lantarki, ko da mai wat 14 ce, in aka jona ta kai tsaye tana iya wuce digiri 45, musamman idan shimfiɗar da ke kanta ta yi kauri ta riƙe zafin. Maciji kuwa ba ya saurin tashi daga abin da ke ƙona shi. Sai dai ka ɗaga shi ka tarar ciki ya yi ja, ya sale. Wannan ne ya sa ba na yarda da dutsen ɗumin nan mai wayar lantarki da ake sa wa maciji ya kwanta a kai ko kaɗan, don zafinsa wuri guda yake taruwa.

Tabarmar ta dace da akwatin gilashi ko na roba. A ƙarƙashi ake sa ta, daga waje, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. Bakin wayar da ke auna zafi a manne shi tsakanin tabarma da gindin akwati, a ɗan ɗaga akwatin iska ta ratsa. In ka bar shi a ciki sako-sako, mesa za ta ture shi zuwa gefen sanyi, na'ura ta ɗauka har yanzu da sauran aiki, ta yi ta ba da wuta. Ban da salatif a cikin akwati, yana kama fata.

Sai dai tabarma ƙasa kawai take ɗumamawa, iska tana nan da sanyinta, kuma zafinta ba ya ratsa katako da kyau. Akwatin katako ƙwan lantarki na tangaram yake so, wanda ke ba da zafi ba haske, wat 50 zuwa 75. Mariƙinsa ma ya zama na tangaram, don na roba narkewa yake yi, sannan a kewaye shi da ragar ƙarfe, domin mesa na hawa ta naɗe shi.

Ƙwan nan yana busar da iska, hunturu kuma dama ya bushe ta. Mesa tana son laima kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, in ba ta samu ba saɓarta gutsi-gutsi take fita, ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Ina rufe fiye da rabin ragar da ke saman akwatin, in sa faffaɗan kasko na ruwa kusa da gefen ɗumi, in jiƙa ɓawon kwakwar da ke cikin maɓoya ɗaya.

Idan an ɗauke wuta da dare, gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma da bargo a kan akwati sun isa zuwa safe. Kaskon gawayi kada ya shigo ɗakin, hayaƙinsa kisa yake yi. Mai batirin sola kuwa, wutar da tabarmar wat 14 za ta ci a awa 10 ba ta wuce wat-awa 140 ba.

Daga Maris nake cire komai. A Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, akwatin yana komawa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da taga da rufin kwano, don zafin da ya haura 35 ba tare da wurin gudu ba ya fi sanyi saurin kashe ta.