Ranar da umarnina ya ƙi aiki a shagon Kawu

Kawuna yana da shagon buga takardu a Mabera, nan Sakkwato. Sau biyu ɗaukewar wuta tana lalata masa aikin ɗalibai, shi ya sa na rubuta masa ɗan gajeren umarnin shell (shell ita ce manhajar da ke karanta umarnin da aka rubuta wa kwamfuta) da zai riƙa kwafe fayiloli zuwa faifan waje kowane dare. A kwamfutata mai Fedora, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ya yi aiki lafiya lau. Na ɗora shi a tsohuwar kwamfutar shagon mai Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin dabam, na kama gabana.

Bayan kwana huɗu ya kira ni: "Ɗana, faifan nan fa wayam yake."

Na iso da azahar, janareto na ruri, fanka na kaɗa iska mai zafi. Da na kunna umarnin da hannu, sai ga saƙo a allo: "[[: not found". A layin farko na rubuta #!/bin/sh, wato shell mai suna sh ne zai karanta umarnin, amma cikinsa duk salon bash ne, wani shell mai ƙarin dabaru irin su [[ ]]. A Fedora sh ɗin bash ne, don haka ya rufa mini asiri. Ubuntu kuwa tun 2006 ta mai da sh ɗinta dash, wani ƙaramin shell, shi kuma kusan abin da ƙa'idar POSIX ta tanada kaɗai ya sani.

Wannan ƙa'ida, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fara fitarwa a 1988, ita ce yarjejeniyar da ke sa umarni ɗaya ya gudana a Linux da BSD da macOS. Richard Stallman na GNU, shirin da ya samar da bash da kayan aiki da yawa na Linux, shi ne ma ya raɗa mata suna. Kayan GNU suna da ƙarin gata masu daɗin amfani, kuma ina son su, sai dai mutum kan saba da su har ya ɗauka kowace na'ura na da su. Ko sed -i, umarnin gyara rubutu a cikin fayil, yadda GNU ke karɓarsa dabam ne da yadda macOS ke karɓa.

A daren na sake rubuta umarnina bisa ƙa'idar POSIX. Na mai da [[ ]] zuwa [ ], na cire array, na sa printf inda nake sa echo -e, sannan ShellCheck, mai binciko kurakurai a umarnin shell, ya nuna mini sauran kurakuran. Yanzu kafin in miƙa wa kowa aiki, sai na gwada shi a dash da BusyBox, wani ƙaramin kunshin kayan aiki mai nasa shell, tukuna, kuma ina sa shi ya ajiye rahoto in ya gaza.

Da safe Kawu ya buɗe faifan da kansa, ya ƙirga fayilolin jiya ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, yanzu hankalina ya kwanta."