Lambar da allo ba zai ɗauka ba

A jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Abin da zai fito yana da alƙaluma 41,024,320. Wanda zai karanta su ɗaya a daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya kwashe shekara guda da wata uku da ɗoriya. Duk girman nan kuma babu lambar da ke raba ta daidai in ba 1 ko ita kanta ba, irin su 7 da 13 ke nan. Wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, ya gano ta a Oktoban 2024 ta GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu farautar irin waɗannan lambobi ta intanet, da kwamfutocin da ya yi haya a ƙasashe 17. Ita ta karɓe kambun mafi girma da aka sani cikin lambobi marasa rabuwa daga ta 2018 mai alƙaluma 24,862,048.

Lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma girmanta bai dame ni ba. Abin da ke burge ni shi ne ɗan aji uku zai iya faɗin alƙalaminta na ƙarshe da alli kawai. Na sa ɗalibaina su yi ta ninka 2: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Na ce su dubi wutsiyar kowace. Wata yarinya a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Malam, ai zagaye yake yi: 2, 4, 8, 6, sai ya koma." Shi ke nan fa. A raba 136,279,841 gida huɗu, saura 1, wato zagayen ya tsaya a kan 2. A cire 1, lambar ta ƙare da 1. Babu wanda ya taɓa ganinta a ajin, amma duk mun tabbata.

Ana kiran irin waɗannan lambobi, da ake samu in an jera 2 an ninka an cire 1, da sunan Marin Mersenne, wani limamin kirista ɗan Faransa, wanda ya fitar da jerinsu a 1644. Ba kullum dabarar ke ci ba: a jera 2 guda 11, a ninka su da juna, a cire 1, sai a samu 2047, wato 23 sau 89. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe, don ya sa ta 67, wato wadda aka jera 2 guda 67, cikin marasa rabuwa. A 1876 Édouard Lucas ya nuna cewa tana rabuwa, alhali bai san lambobin da ke raba ta ba. Sai a 1903 Frank Cole ya tashi a taron masana lissafi a New York, ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287 a allo, ya ninka da hannu, amsa ta fito daidai. An ce ko uffan bai ce ba har ya koma kujerarsa.

Labarin Cole aka fi so, don akwai abin kallo a ciki. Ni kuwa Lucas nake ɗaga wa hula. A shekarar nan ta 1876 ya tabbatar da hannu cewa ta 127, mai alƙaluma 39, ba ta rabuwa, kuma hanyar gwajinsa, wadda Derrick Lehmer ya gyara a 1930, da ita aka tantance lambar Durant.