Harafi ɗaya da ya rufe mana shafi na awa tara

Ƙarshen makon nan zan miƙa kalmomin sirrin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet ɗinmu, in kama gabana, bayan shekara huɗu. An ce in rubuta wa wanda zai gaje ni takardar miƙa aiki, na rubuta shafi shida. Abin da ke nan shi ne wanda bai shiga waccan takarda ba, don na san Oga zai karanta ta.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san daren da nake nufi. Shafin intanet ne na karɓar takardun masu neman aiki, na wani abokin hulɗarmu, saura kwana biyu a rufe. Mutane na cike fom lafiya lau, sai an zo ɗora takardun shaida abu ya tsaya, saƙo ya fito wai an samu matsala, a sake gwadawa. Mu muka rubuta wannan saƙo da hannunmu, kuma ko me ya faru shi ke fitowa, ba ya faɗa wa kowa komai, har da mu. Kwana uku Oga yana cewa intanet ɗin mutane ne ba shi da ƙarfi, an bar jaki ana dukan taiki. Ni kuwa na lura masu ɗora ƙaramin hoto suna wucewa, waɗanda suka ɗauki takarda da kyamarar waya, mai megabait uku ko huɗu, su ke maƙalewa. Na ce iyakar girman fayil ce. Wannan kaɗai na faɗa daidai, sauran abin da na yi har gari ya waye kuskure ne.

Duk mai aiki da PHP, harshen da aka rubuta manhajar shafin da shi, ya san lambobin nan biyu da yake zuwa da su: upload_max_filesize, iyakar girman fayil ɗaya, megabait 2, post_max_size, iyakar duk abin da fom ya turo, megabait 8. Ban ko yi tunanin wani wuri ba, kai tsaye na nufi php.ini, fayil ɗin saitin PHP. Na tambayi sabar inda fayil ɗin yake ta layin umarni, ta nuna min, na gyara, na gwada, shiru. Awa guda na ɓata kafin in tuna cewa PHP na layin umarni da PHP-FPM mai yi wa shafi aiki kowanne da nasa php.ini, ɗaya a babban fayil na cli, ɗaya a na fpm. Da na buɗe phpinfo(), mai nuna saitin da PHP ke aiki da shi, tun farko na duba layin da ke nuna fayil ɗin da aka loda, da minti biyu ya ishe ni.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na buɗe na ainihin. Idona ya yi nauyi, Oga ya kira sau huɗu. Na rubuta 64MB a layukan biyu, na sake kunna PHP-FPM, na ɗauki fayil mai megabait huɗu na gwada. Saƙon nan dai ya sake fitowa. Na buɗe shafin farko, ya buɗe sumul. Sai na ce a raina, ai ƙara iyaka ba ya ɓata komai, bari in bar shi haka gobe in ci gaba. Na rufe kwamfuta na kwanta.

Ƙarfe takwas na safe waya ta tashe ni. Ba wanda ke iya shiga asusunsa. Mutum zai sa suna da kalmar sirri, ya danna, shafi ya dawo masa da fom babu komai ciki kamar bai taɓa rubutu ba. Ba masu manyan fayil kaɗai ba, kowa, har ma'aikatan abokin hulɗar. Manhajar da ke sa mana ido a kan shafin kuwa tana nuna kore tun dare, domin abin da take dubawa kawai shi ne ko shafin farko ya amsa da 200, lambar da ke nufin lafiya lau, kuma yana amsawa. Garin neman gira na rasa ido.

Hannuna na rawa na buɗe kundin kurakuran PHP, abin da ya kamata in buɗe kwana uku da suka wuce. Layi ɗaya ne ya maimaita kansa har ƙasa, yana cewa girman abin da aka turo ya wuce iyakar bait 64. Na karanta sau uku. Bait, wato gurbin harafi ɗaya, ba megabait ba. PHP harafi uku ya sani a irin wannan wuri, K da M da G, na kilobait da megabait da gigabait, kuma harafin ƙarshe yake dubawa. Da ya ga B bai gane ta ba, sai ya watsar da haruffan ya riƙe 64 tsurarta. Daga siga ta 8.2 yana yin gargaɗi idan ya ga irin wannan rubutu, amma tamu 7.4 ce, ta haɗiye ba ta ce uffan ba. Kuma ɗabi'ar post_max_size ita ce idan abin da aka turo ya zarce ta, $_POST da $_FILES, inda PHP ke ajiye bayanan fom da fayilolin da aka turo, duka sukan zo fayau, manhaja ta ɗauka mutum bai turo komai ba. Suna da kalmar sirri da lambar tsaron fom sun fi bait 64 nesa ba kusa ba.

Goge B biyu bai kai daƙiƙa goma ba. Mutane suka koma shiga. Amma tsugune ba ta ƙare ba, manyan fayiloli har lokacin ba sa hawa. Sai a sannan na buɗe kayan binciken burauza na kalli amsar da sabar ke bayarwa da idona: 413 Request Entity Too Large, wato abin da aka turo ya yi girma da yawa, ga sunan nginx a ƙasa ɓaro-ɓaro. Ashe fayilolin ba su taɓa isa wurin PHP ba. Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatun masu shiga shafi kafin ta miƙa wa PHP, shi ne a bakin ƙofa, kuma iyakar girman abin da yake bari ya wuce, client_max_body_size, idan ba ka saita ta ba, megabait 1 ce. Layi ɗaya na ƙara, na gwada saitin da nginx -t, na sake loda shi, fayil ya hau. Iyakar PHP ɗin ma dama sai an ɗaga ta, tunda 2 ba za ta ishi fayil mai 4 ba, amma ita ce ƙofa ta biyu, ni kuma na kwana ina faɗaɗa ta alhali ta farko a rufe take.

Laifin B nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau yake min ciwo shi ne taron da aka yi da rana. Wata bakwai ina roƙon a ba mu sabar gwaji, inda za a taɓa saiti kafin a taɓa na shafin da jama'a ke kai. Sau uku na rubuta, sau uku aka ce ba yanzu ba. A daren ma da na ce, "Oga, a kan shafi mai rai fa zan yi gyaran nan," cewa ya yi in yi kawai, lokaci ya ƙure. A taro kuwa, gaban kowa, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin taɓa sabar da tsakar dare?" Na buɗe baki na rufe. Saƙon da aka aika wa abokin hulɗar ya ce wani ƙaramin ma'aikaci ne ya yi ganganci, shugabanci ya gano matsalar ya magance. Kalmar client_max_body_size tana cikin saƙon, an rubuta ta ba daidai ba.

Ga wanda zai zauna a kujerata: bi fayil ɗin daga waje zuwa ciki, kada ka fara da inda ka fi sani. Idan akwai Cloudflare a gaba, kamfanin da ke tsayawa tsakanin masu shiga shafi da sabar, tsarinsu na kyauta megabait 100 ne iyakarsa. Apache, takwaran nginx, yana da tasa iyakar, LimitRequestBody. Ka sa post_max_size ya ɗara upload_max_filesize, don fom yana ɗauke da wasu abubuwan bayan fayil. Kada ka wahalar da kanka da ini_set(), mai canza saitin PHP daga cikin manhaja, fayil ya riga ya iso kafin manhajarka ta fara aiki. Idan lambar kuskure 504 ka gani, lokacin jiran amsa ne ya ƙare, ba girma ba. Gyaran da bai yi magani ba, mayar da shi yadda yake kafin ka tashi. Kuma umarnin da aka ba ka ta waya da dare, ka nemi a turo shi a rubuce, ko da layi ɗaya ne.

Saƙon "an samu matsala" na canza shi tun a makon, yanzu yana faɗin girman da aka yarda da shi da girman abin da mutum ya ɗora, ba wanda ya sa ni. Sabar gwajin ma an amince da ita, takardar ta fito kwana tara bayan na ba da sanarwar ajiye aiki. Ni na saita ta jiya, kalmar sirrinta tana shafi na huɗu.