Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Maganin da Ke Ƙetaren Teku

Makon jiya na tsaya ne a ranar da muka gama gashi, wato ƙona ƙarin daji da hasken inji. Sau 30 cikin mako shida, Litinin zuwa Juma'a, nake ɗauko 'yata Ummi daga Aboabo zuwa Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a Ghana, a rufe mata fuska da wata roba mai kama da raga, ta kwanta shiru kamar ba 'yar shekara bakwai ba. Cikin ikon Allah, kafin ƙaramar Sallar 2023 idonta na hagu da ya karkace ya fara komawa daidai. Ta daina ƙwarewa idan tana shan ruwa. Ranar da ta taka da ƙafarta har wurin mai koko a bakin layinmu, ba wanda ya riƙe ta, surukata Hajiya ta sa aka soya kwano biyu na masa aka raba wa yara sadaka.

Kowa na yi mini barka, ina amsawa, maganar likita kuma tana cina a ciki. Tun ranar da ta duba hoton MRI ta zaunar da ni da maigidana Malam ta ce, "Maman Ummi, za ku ga sauƙi bayan gashi, amma sauƙin aro ne." Sunan ciwon DIPG. Ƙari ne da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, wurin da ke kula da numfashi da haɗiya da motsin ido. Ba dunƙule yake ba balle a yanke shi. Ya ratsa lafiyayyen nama ne kamar yadda gishiri ke narkewa a miya. Ta ce yawancin yara ba sa cika shekara bayan an gano shi, waɗanda ke kai shekara biyu kuma ba su kai ɗaya cikin goma ba, ko a Amurka ne.

Wannan "ko a Amurka" ɗin ne zuciyata ta ƙi karɓa. Da zarar gida ya yi barci sai in ɗauki waya in zauna a bakin ƙofa, sauro na cizona, ina karatu da ɗan Turancin da na samu a sakandare. A nan na tarar cewa Neil Armstrong, mutumin da ya taka wata a 1969, wannan ciwon ne ya ɗauke 'yarsa a 1962 tana shekara biyu, kuma gashi aka yi mata. Shekara sittin da ɗoriya, abin da aka yi wa 'yarsa shi aka yi wa tawa. Na ajiye wayar na yi kuka har aka kira assalatu.

Amma akwai masu nema, kuma na ga aikinsu. Akwai wani ƙwayar magani da ake kira ONC201 da ake gwadawa a lokacin. A jami'ar Stanford ana ɗibar ƙwayoyin garkuwar jikin yaro, a sarrafa su yadda za su gane ƙarin, a mayar masa. A Faransa akwai gwajin da ake kira BIOMEDE. Na rubuta sunayen a bayan littafin lissafin adashinmu, na tura wa Yayana da ke tuƙin tasi a Bronx, can Amurka. Ya ce, "Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Nan akwai doka tun 2018 da ta ba marar lafiyar da aka rasa yadda za a yi da shi 'yancin gwada maganin da ba a gama bincike a kansa ba. In kuɗi ne, 'yan Zango na nan ba za su bar mu ba."

Daren nan na yi barci.

Wasiƙa bakwai muka tura ta imel, Yaya na gyara Turancin. Uku ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa sun yi magana cikin mutunci, sai dai kowace amsa da nata sharuɗɗan. Na farko, suna son sakamakon gwajin naman ƙarin, a tabbatar ko yana ɗauke da wani canji da suke kira H3 K27M. Wato sai an shiga da allura har gindin ƙwaƙwalwa an tsakuro ɗan nama, mu kuwa da hoto kaɗai aka gano ciwon Ummi. Wani gwajin yana karɓar yaro ne cikin 'yan makonni bayan gama gashi, namu lokacin har ya wuce muna jiran amsa. Wani ya ce sai an rage maganin kumburin da take sha, wanda ya sa fuskarta ta yi suntum tana neman tuwo da ƙarfe biyun dare. Kusan dukkansu sun ce maganin gwaji kyauta ne, amma gado da hoto da sauran kula na kan iyaye, kuma dole mu zauna kusa da asibitin wata da watanni. Ga biza, ga fasfo da ko ɗaya ba mu da shi.

Na kai wa likita maganar dokar da Yaya ya faɗa. Ta ce dokar gaskiya ce, amma ba ta tilasta wa kamfani ya ba da magani ba, ba ta kuma ce wani ya biya ba, sannan sai likitan can ne zai nema wa yaron da ke hannunsa. Ita kanta ta rubuta wa wani kamfani da sunan Ummi, ta nuna mini kwafin. Amsar da ta zo ita ce shirinsu na taimako bai kai ƙasarmu ba.

A ɗakin yara ina zama da uwayen da 'ya'yansu ke da dajin jini ko na ido ko na ƙoda, ko wanda ke kumbura muƙamuƙi da ake kira Burkitt. Waɗannan huɗun an sa su cikin inshorar lafiya ta ƙasa, matar shugaban ƙasa na lokacin, Rebecca Akufo-Addo, ce ta sanar a ƙarshen 2021, kuma na ga yadda hakan ya share wa mata hawaye. Na taya su murna da zuciya ɗaya. Na ƙwaƙwalwa dai ba ya cikin huɗun, don haka kowane hoto daga aljihun Malam yake fita, daga ɗan shagonsa na kayan mota a Suame Magazine.

Sai ga wata ƙofa ta buɗe da kanta. Wata mata a Facebook ta ba ni adireshin wani asibitin kuɗi a Meziko da ke zura magani ta jijiyar jini har kusa da ƙarin. Da safe na rubuta musu, kafin la'asar sun amsa. Ba su nemi gwajin nama ba, ba su tambayi yaushe aka gama gashi ba. Suka turo hotunan yara suna dariya, suka ce a zo kawai. Kuɗin zuwa ɗaya, da na buga shi da sidi, a lokacin dala ɗaya ta haura sidi 11, ya fi abin da shagon Malam ke kawowa a shekara, kuma ana komawa ne duk bayan 'yan makonni.

A gida ma ba a bar mu ba. Wannan ya kawo ganyen aluguntugui ya ce a dafa, wancan ya kawo gora daga kasuwar Kejetia ba ko takarda a jikinta, ya ce tana narkar da kowane irin daji. Hajiya ta kawo rubutu da zamzam da habbatus sauda. Nata na karɓa hannu biyu, don addu'a ba ta taɓa barin bakinmu ba, likita ma ta ce ba ta hana ba, sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da zai shiga cikin yarinyar a fara nuna mata. Gorar Kejetia kuwa a kwata na juye ta.

Malam ne ya tsaya a kan Meziko. Wata ranar Juma'a bayan sallar isha ya ɗauko takardar filinmu na Kenyase daga ƙasan akwati ya ajiye a kan tabarma.

"Maman Ummi, na samu mai saye."

"Malam, filin da ka shekara tara kana biya?"

"Fili ƙasa ne. In na bar shi na rasa ta, da wane ido zan dube shi?"

Ban iya ce masa komai ba. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinsa ya rasu, ga shi yana goge ido da hannun riga.

Ranar Litinin muka je wurin likita tare. Ba ta ce mu je ba, ba ta ce kada mu je ba. Ta yago takarda ta rubuta tambaya uku ta ce mu tura musu: yara nawa masu wannan ciwon suka yi wa magani, nawa ne ke raye bayan shekara biyu, kuma a ina suka wallafa sakamakon don sauran likitoci su tantance. Ta ce masu gwaji na gaskiya za su gaya maka ƙarara cewa ba su sani ba tukuna ko maganin na aiki, shi ya sa ake kiransa gwaji. Muka tura. Bayan kwana biyu amsa ta zo: ƙarin hotuna, da lambar asusun banki, da gargaɗin cewa gurbi ya kusa cika. Ko tambaya ɗaya ba su taɓa ba.

Yanzu da nake wannan rubutun, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ONC201 tun watan Agustan 2025, da sunan Modeyso, ga waɗanda ƙarinsu ke da wancan canjin kuma ciwon ya ci gaba bayan magani. Cikin mutum 50 da aka duba, kusan ɗaya cikin biyar ne ƙarin ya ragu. Ba waraka ba ce, na sani. Amma har yau abin na ci mini rai: ciwon bai tambayi Ummi fasfo ba kafin ya kama ta, sai maganin ne ya tambaya. Muna da likitoci masu ilimi da tausayi a Kumasi da Akara, muna da injin gashi, muna da yaran da ke fama. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da uwa za ta hau trotro, motar haya, daga Aboabo ta sa hannu a takardar gwaji a nan garin.

Malam ya karanta amsar Meziko sau uku. Bai ce uffan ba, ya naɗe takardar filin ya mayar ƙasan akwati, ya fita masallaci. Washegari da sassafe Ummi ta ce ita za ta sayo koko. Na ba ta kwano da kuɗi, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta. Ta yi taku biyar ko shida lafiya lau, sai na ji silifas ɗinta na dama yana jan ƙasa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.