Taya uku na saya kafin na samu wadda ta zauna

Jiya Asabar na je Wudil na dawo a kan kekena, kilomita 80 da ɗoriya, tayar baya ko gezau ba ta yi ba. Alhamdulillahi. Mako biyar keken nan ya yi jingine a zaure yana shan ƙura saboda taya guda, shi ya sa tun cinyoyina ba su daina zogi ba na zauna in rubuta muku, musamman ku da kuka ce kuna tara kuɗin sayen keken Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga Turai, irin nawa.

Naira dubu 95 na saye shi, bayan cinikin da ya kusa cin awa guda. Na ƙarfe ne, ba na alminiyam ba, kuma da gangan na zaɓi haka, don ƙarfe in ya tsage a hanya mai waldan ƙauye ma zai kama maka shi ka ƙarasa gida. Giya 7 a baya, 3 a gaba, na Shimano, waya 36 a kowane wili, ga kariya mai ƙwari. Na bi duk mahaɗar ƙarfe da fitilar waya ban ga tsaga ba, na hau na saki hannu ya tafi a miƙe. Sarƙa ta buɗe, wannan tun a wurin na gani na sa ta a lissafi. Wanke boris da kananzir, sabon giris, sababbin robobin birki, duk kwana biyu suka ci. Taya ce ban sa a lissafi ba. Ta gaba da sauranta, ta baya kuwa gefenta ya tsattsage har zare ya fito, rubutun jikinta ya goge, 28 kawai ake iya karantawa.

Na ce 28 ai ba abin nema ba ne a Kano, duk Phoenix da Raleigh ɗin da ake dakon kaya da su 28 ne. Na sayo ɗaya da tib, dubu 7. Da na zo sakawa sai ta faɗa da kanta, ko ƙarfe ban sa ba, har na ji daɗi. Ina fara ba ta iska sai gefe ɗaya ya taso. In danna nan, ta ɓullo can. Na sace iskar, na shafa ruwan sabulu a bakinta, na sake bugawa a hankali. Sai ga tib ya leƙo ta gefe ya kumbura, kafin in kai hannu ya fashe, har yaran maƙwabta suka fito a guje. Na sayo wani tib, shi ma haka ya ƙare.

Daga nan zargina ya koma kan wilin. Na kai aka ɗaure wayoyi aka miƙar da shi, dubu 2, alhali lafiyarsa ƙalau. Wani mai shago ya duba ya ce da ni: "Malam, ai wannan ba 28 ba ne, 27 ne, ka ga ya fi ƙanƙanta." Maganar ta shige ni. Na biya dubu 8. Wannan kam ta fi zama, ta riƙe iska, na ce an gama. Washegari na fita gwaji, ina gab da Mariri na taka wani ɗan rami, sai tayar ta fice daga bakin wili, tib ya sake fashewa. Turo keken na yi har gida a cikin rana, raina a ɓace, har ina tunanin sayar da shi ko nawa ne a huta. Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne, da a gaba wannan tayar take ina cikin gudu, da yanzu wani zancen ake yi.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya warware min. Ko kallon tayar baya bai yi ba. Ya jiƙa tsumma ya goge gefen tsohuwar tayar gaba, ya ɗora farcensa a kan wasu ƙananan lambobi: 37-622. Kusa da su an rubuta 28 x 1 5/8 x 1 3/8, rubutun da na sha gani amma idona a kan 28 ɗin kaɗai yake tsayawa.

"Ɗana, ka daina bin incin nan," in ji shi. "Wannan ƙaramar lambar za ka riƙa dubawa."

Na ce, "Baba, to ba duk 28 ba ne?"

Ya ɗauko tsohon wilin Phoenix ya jingina da nawa. Da ido ma na ga ya ɗara shi.

A daren na zauna na bi lissafin har na gane. A 37-622 ɗin nan, lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma ita ce faɗin da'irar wili a daidai inda bakin taya yake zama. Kekunanmu na dako, masu 28 x 1 1/2, nasu 635 ne. Nawa 622 ne, wanda ake kira 700C, amma a Jamus da Holan shi ma 28 suke rubuta masa. Tazarar milimita 13 ce kacal, sai dai in ka zagaya da ita bakin wili ta zama kusan santimita 4 na sako-sako, babu yadda za a yi ta riƙe iska. Ita kuma 27 ɗin da aka ce ta fi ƙanƙanta, 630 ce, wato har yanzu ta fi wilina da milimita 8. Shi ya sa ta zauna kamar gaske, ta jira sai da na hau titi. A takarda 27 ƙasa take da 28, a kan wili kuwa ta fi 28 ɗin Turai girma. Har 29 na kekunan hawa dutse ma 622 ne, faɗinta ne kawai ba zai shiga tsakanin ƙarafan nawa ba. Masu neman 26 ku ma ba ku tsira ba: na hawa dutse 559 ne, amma 26 x 1 3/8 da ke zuwa a kan kekunan Japan masu kwando 590 ne.

Samun ta ma wani aiki ne. In ka ce 622 yawancin masu shago ba su gane ba, sai ka ce 700. Na yi yini biyu ina yawo da tsohuwar tayar a kafaɗa kafin na samu sabuwa 700 x 35C, dubu 14. Waɗancan biyun ba wanda ya yarda ya karɓa, tunda an riga an saka su. Da tayoyi da tib da kuɗin miƙar da wili, dubu 20 cif na zubar a banza, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin keken. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai, don kuɗin da na ware ne na fitila da jakunkunan kariya.

Da na zo saka ta daidai ɗin, sai da manyan yatsuna suka yi ja kafin ƙarshen bakinta ya haye. Ina ba ta iska ina kallon siririn layin nan na gefe yana fitowa daidai wa daida duk zagayen. Na daɗe tsugune ina juya wilin ina kallo. Na kuma canza tib ɗin gaba da baya zuwa masu baki irin na mota, don duk mai facin da na tarar a hanya injinsa ya kama. Ramin wilin bai buƙaci a ƙara masa faɗi ba.

Jiya ana sallame asuba na fita ta Hotoro. Asabar na zaɓa don in kauce wa motocin shanun da ke cika hanyar ranar Juma'ar kasuwar Wudil. Har na wuce Gano ina waiwayen tayar baya, daga baya na manta da ita. A bakin gada na tsaya na sha shayi, na matsa ta da yatsa, tana nan tauri kamar yadda na baro gida. Daɗin da na ji a wurin ba ya misaltuwa.

A dawowa ne sirdi ya nuna min nasa halin. Daga wajen kilomita 60 zama ya gagara, sai miƙewa nake yi a kan feda, yatsun hannun hagu kuma suka mutu. Ina zaton hancin sirdin ya sunkuya da yawa ne, yana turo nauyina kan hannu, gobe zan ɗaga shi kaɗan in gwada zuwa Kura. Zariya nake hari in sanyi ya shigo, kusan kilomita 140, kuma ba zan taka ba sai da tayar 622 ta biyu ɗaure a kariya, don ban sa ran samun irinta a Kwanar Dangora ba. Wanda a cikinku ya taɓa yin irin wannan nisan, ya faɗa min wane irin sirdi ya yi amfani da shi, mai faɗi ko siriri.